Kafin a Rufe Canjin Aji

A kan dogon bencin da ke ƙofar ofishin Misis Cordero, mai ba ɗalibai shawara, ya fara ganinta. Watan Mayu ne, 'yan aji goma suna shiga ɗaya bayan ɗaya su zaɓi darussan da za su ɗauka a aji sha ɗaya. Jomar tun yana yaro bai iya zama wuri ɗaya ba. Ƙafarsa sai rawa take, benci na girgiza, ita kuwa yarinyar da ke gefensa tana son jan layi a takarda, layin yana karkacewa.

"Kai Dogo, ko ka tsayar da ƙafar nan ko ka koma ƙasa," ta faɗa ba tare da ta ɗago ba.

Ya leƙa takardar. Ta tsara shekara biyu cif: babban lissafi bana, wanda ya fi shi baɗi, kimiyya, jarrabawar shiga jami'a, can ƙasa kuma ta rubuta jami'ar Mayagüez, karatun injiniya. Ya tambaye ta ko ta sa ranar mutuwarta ma a ciki. Ta ɗago za ta rama, dariya ta riga ta fitowa. Shi kuwa har aka kira sunansa bai ji ba.

Nilma sunanta. Daga ranar ya sa mata Injiniya, ita ma ba ta sake kiransa da wani suna ba sai Dogo.

Da ya shiga, gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki ya zaɓa, saboda shi kaɗai ne darasin da ake yi a tsaye. Ya riga ya maimaita aji sau ɗaya, kuma kakarsa Doña Toña, wadda ta rene shi can saman dutse cikin gonakin kofi, ba ta roƙon komai sai ya gama sakandare.

Hutun nan ya yi musu daɗi. Yakan sauko gari a tsohon kekensa, su zauna a dandalin gaban coci suna shan ƙanƙarar tsamiya, tana karanta masa abin da za ta gina, yana ce mata shi zai sa wa ginin sanyi. In ya koma gida sai saƙonta ya riga shi isa.

"Dogo, ka isa lafiya? Yau ka zauna kusa da ni har ƙanƙarar ta narke ba ka miƙe ba. Na gane ka fara sona da gaske."

Shi kuma ya rubuta: "Injiniya, ai na daɗe da farawa. Ke ce ba ki sa ni a tsarinki ba."

Da aka koma makaranta a watan Agusta sai abin ya zo da wani salo. Azuzuwanta suna ginin sama, wajen aikinsa yana can bayan filin ƙwallo, ko lokacin cin abincinsu bai zo ɗaya ba. Wanda ke zaune kusa da ita kullum shi ne Gadiel, ɗan mai kantin magani, yaro mai natsuwa da motar kansa. Wata rana Jomar ya hango su suna dariya a kan littafi ɗaya. Kishi ya kwashe shi, ya ce mata ta je ta ji da masu lissafinta, shi ɗan gyaran firji ne.

Ta juya ta tafi. Ranar Litinin sai ga ta ta shigo ajin ƙaramin lissafi, ta ja kujerar da ke kusa da tasa ta zauna. Ta ajiye babban lissafin, ta sauya jadawalinta duka ya dace da nasa.

Kwana biyu Jomar ya yi yana jin kamar an ba shi duniya, kafin Misis Cordero ta aika a kira shi. Ta yi masa bayani a hankali cewa lissafin nan tsani ne. Wanda bai taka na bana ba, ba zai kai na baɗi ba, kuma da wuya sashen injiniya ya dubi wanda bai taka ba. Ta ce ranar Juma'a ake rufe canjin aji, bayan nan ko ita ba ta da yadda za ta yi.

Da yammacin ranar mahaifiyar Nilma, Doña Migdalia, ta hau har gidansu. Ba ta ɗaga murya ba, kofin da aka kawo mata ma ba ta taɓa ba.

"Yaro, ba na ƙin ka," ta ce. "Ina aji sha ɗaya na bar makaranta saboda ubanta. Yau ga ni ina naɗe pasteles, alalen ayabar nan, ina sayarwa, shi kuma ban san garin da yake ba. Ita kaɗai gare ni. Ka bar min ita."

Ya roƙi Nilma ta koma. Ya lallashe ta, ya yi fushi, ya rantse ba zai ƙara zancen Gadiel ba. Ta kafe.

"Inda kake nan nake. Ai kai ka ce ban sa ka a tsarina ba."

Sai ya ga hanya ɗaya ce ta rage. In babu shi a ajin, ba abin da zai zaunar da ita. Ya kira kawunsa Wilfredo da ke garin Allentown, can ƙetaren teku, wanda ya daɗe yana ce masa ya zo akwai aiki. Kakarsa ta yi kuka tana haɗa masa kaya. Ranar Alhamis, daga filin jirgi, ya tura saƙon da ya fi komai yi masa wuyar rubutawa.

"Na tafi wajen kawu. Makaranta ta ishe ni, ke ma kin ishe ni. Wasan hutu ne, ya ƙare. Ki koma ajinki. Kada ki kira."

Ta kira har wayar ta yi zafi a hannunsa. Washegari saƙo ɗaya ya shigo: "Na koma. Hankalinka ya kwanta?"

Ya kife wayar. Ya shiga banɗakin gidan kawunsa ya buɗe famfo don kada a ji kukansa.

Shekaru suka yi ta tafiya. Ya wanke kwanuka, ya ɗauki kaya a rumbun ajiya, ya bar wannan aiki ya kama wancan, har ya koyi tuƙa motar haƙa, wadda ita kaɗai ta iya zaunar da shi. Sanyin garin bai taɓa karɓarsa ba. Ya nemi 'yan mata, amma da an fara maganar gaba sai ya sulale. Ranar da ya ga hotonta da rigar kammala jami'a, Gadiel a gefenta riƙe da furanni, ya kashe wayar ya fita ya yi ta tafiya a ƙafa har ya ɓace hanya.

Abin da ya dawo da shi guguwa ce. Ƙasa ta zaftare ta datse hanyar unguwarsu, kakarsa na can sama, abinci ma sai an kai mata a kafaɗa. Ya sauka tsibirinsu, ya samu aiki da kamfanin da aka ba gyaran hanyar. Ranar farko, yana saman motarsa, ya ga wata mace da farar hular kwano tana nuna wa ma'aikata inda za a sa katanga. Tun kafin ta juyo ya gane tsayuwar.

Ta dube shi kamar yadda ta dubi sauran, ta kira shi da sunan gidansu. "Mista Quiñones, ka fara daga gefen hagu."

Haka suka yi makonni. Mista Quiñones ja baya, Mista Quiñones ya isa. Kowace kalma tana sukarsa.

Wata rana da azahar ya same ta zaune a kan bututun kwalbati tana cin shinkafa da wake. Ya tsaya, ya cire hularsa, ya fara ba ta labarin Misis Cordero da zuwan mahaifiyarta, ya ce saƙon nan ƙarya ne daga farko har ƙarshe.

"Na sani," ta ce. "Tun ranar na sani. Kai ko ƙarya ba ka iya ba."

Ta ajiye cokalin ta ci gaba.

"Shi ya sa ban yafe ba. Yarinya ce ni, taurin kai nake yi. Da ka tsaya ka yi ta faɗa da ni har safiyar Juma'a, da na koma da ƙafata. Amma sai ka yanke wa kanka, ka yanke min. Duk jarrabawar da na ci sai in ji kamar da karatunka na saye ta. Ka san nauyin wannan kuwa?"

Jomar ya zauna a ƙasa cikin jar laka. Shekarun nan duka da abu ɗaya yake lallashin zuciyarsa, cewa tafiyarsa dole ce. Yau an karɓe masa shi. Hawaye suka zubo, bai ko share ba.

Da ƙyar ya tambayi Gadiel. Ta ce ya nemi aurenta har sau biyu, mutumin kirki ne, yanzu yana garin Ponce da matarsa da 'yan biyu.

"Na ce masa akwai wani sakarai da ban gama fushi da shi ba." Ta tura masa sauran abincin. "Ci, Dogo. Ka rame."

Ba a rana ɗaya ta sauko ba. Ya nema da haƙuri, wani lokaci ta saurare shi, wani lokaci ta tuna ta rufe waya. Da kansa ya je ya yi rajistar jarrabawar manya ta kammala sakandare, ita kuma ta zauna da shi kan lissafin tana ce masa ƙwaƙwalwarsa lafiya lau, gindin zama ne babu. Ranar da sakamako ya fito, kakarsa ya fara kai wa.

Da ya je neman aure, Doña Migdalia ta bar shi tsaye a kicin tana ta aikinta. Can ta ce ita ba ta ce ya bar makaranta ba, kuma abin ya daɗe yana damunta. Ta goge hannu, ta dafa kansa.

"Je ka, ɗana. Allah ya yi muku albarka."

A watan Disamba aka ɗaura auren a cocin dandali. An gasa alade, an yi kiɗa, Doña Toña ta sauko ta sabuwar hanya cikin motar da aka yi wa ado, Misis Cordero ma ta zo da sandarta tana gaya wa kowa a ƙofarta aka fara. Da fada, limamin cocin, ya gama addu'a, Nilma ta riƙe hannun mijinta ta matso kusa da kunnensa.

"Shekarun da suka wuce ba za su dawo ba, Dogo. Amma daga yau ko labule za a saya, tare za a zaɓa."

Ya gyaɗa kai. Tsofaffin matan suka kewaye su suna shafa musu kai, suna roƙon Allah ya ba su zaman lafiya da 'ya'ya masu albarka, ya kuma sa abin da ya rage musu ya fi wanda suka rasa yawa.