Tabon da Ɗalha Ya Yi wa Motarsa

Rana ta yi sanyi a Gumel. Ɗalha direba ya ja motarsa ta haya ƙarƙashin bishiyar tsakar gida, don man goge mota ba ya son rana. Tun da ya sayo injin gogewa a Maigatari, aikinsa ke nan kullum. Sai ya ɗiga man kaɗan a soson injin, ya dangwala a jikin motar, ya kunna ya riƙa bi sannu-sannu, ba ya dannawa, ba ya tsayawa wuri ɗaya, wai fenti zai ƙone.

Matarsa Safara'u na bakin murhu tana kallo. Shekara sha takwas suna tare, bai taɓa lura da fason ƙafarta ba.

Wata Laraba dab da magariba, tsakuwa ta faɗo kan motar. Wata ta biyo. Babu kowa a kan katanga. Ko da suka waiga, ga 'yarsu Khairiyya ta manna kunci a ƙofar motar tana gurnani irin na injin. Daga nan kwana uku ba ta ci ba, ba ta gane uwarta ba.

Aka ɗauko Malam Habibullah daga Sule Tankarkar. Ya daɗe yana karatu kafin muryar wata tsohuwa ta fito daga bakin yarinyar.

"Na daɗe a bishiyar nan, ba mai shafa ni. Sai ƙarfe ake lallaɓawa a gabana."

"Wa ya ba ki hanya?" in ji Malam.

"Mai cewa kullum, da ma wani abu ya sami motar nan. Zafinmu ɗaya da ita. Motar ta sha tofi, yarinyar na tarar a buɗe."

Safara'u ta durƙusa. "Ni ce, Malam. Wallahi ba 'yata nake nufi ba."

"Me kike so ki fita?" Malam ya tambayi muryar.

"Mijin ya ɓata wa motar fuska da hannunsa."

"Ki rantse ba za ki dawo ba."

Ta rantse.

Ɗalha ya ɗora injin a gaban motar, ya danna, ya tsaya wuri ɗaya. Ƙaurin fenti ya cika gidan. Safara'u ta daɗe tana fatan ganin haka, amma ta rufe ido.

Khairiyya ta yi atishawa sau uku. "Umma, akwai sauran tuwo?"

Ɗalha ya kashe injin. Ya ɗauki 'yarsa ya wuce Safara'u a durƙushe, ya shige ɗaki.