Littattafan da Famau Ya Loda wa Jaki

"Wannan? Wannan ɗan tsigigin abin za ki ba ni, Zuwena?"

Famau ya ɗaga littafin da yatsu biyu kamar ya tsinci ruɓaɓɓen kifi. Siriri ne, takardarsa ruwan ɗorawa, irin wanda yara ke fara nahawu da shi a makarantar mahaifinta.

"Shi fa," ta ce daga bayan ƙyaure. "Gajere ne, da wasulla, da misalai. Ka samu malamin da zai gyara maka baki, shi ke nan. Da shi kowa ya fara, har Baba."

"Ni? Da gemuna? Ni da na yi zaman Maskat, Larabawa na ce min ɗan gari?"

"Larabcin 'kawo, ɗauka, nawa ne' ka iyo, masoyina... Baba kuwa ba cinikin dabino zai yi da kai ba."

Ya ja dogon tsaki, ya cusa littafin a aljihun baya don dai kar ta yi masa kuka.

Kaf tsibirin Lamu an san rantsuwar Malam Shee, mahaifin Zuwena. Idonsa ya tafi, ɗa namiji babu, ga littattafan kakanni maƙil a alkukan bango. Zuwena ce ke karanta masa yanzu, ya kuma rantse ba zai bar ta da mijin da zai sayar da su a naɗe soyayyen kifi ba. Bai ce sai malami ba. Cewa ya yi mai son 'yarsa ya zo da littafin da yake karantawa. Shi kuwa Famau, mai jirgin ruwa na inji da ke jigilar mutane zuwa Mokowe, kyau kam Allah ya ba shi, sai dai girman kai ya fi jirgin nasa tsawo.

Ranar Juma'a bayan la'asar, Gwaggo Esha, ƙanwar Malam, ta leƙa taga ta tafa hannu.

"Zuwena! Zo ki ga direban ruwanki, ya zo da amininsa!"

Jaki ne, wallahi, an loda masa kwanduna biyu har yana tangaɗi. Manyan littattafai ne daga Mombasa, masu ruwan zinare a baya, kowanne ya kai bulo. Famau na biye cikin farar riga, sai ƙamshi yake zubawa, yana duban maƙwabta ɗaya bayan ɗaya ko sun gani. Zuwena ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Al'adar Malam ce, da hannu yake karɓar littafin ɗalibi. Ya shafa gefensa, ya lalubi kusurwoyi, ya kai hanci. Ya ɗauki na farko, leda ta yi ƙara. Na biyu ma ko ɓarewa ba a yi ba.

"Wa ya zaɓa maka, yaro?"

"Ni da kaina, Malam! Na ce wa mai shago ya ba ni mafi girma."

"Ya kuwa ba ka. Wanne ka karanta?"

"Ai... duk zan karanta."

"Uhm." Tsohon ya kakkaɓe hannu a zanensa. "Tsakaninka da jakin nan, shi ya fi ka sanin littattafan. Ko ba komai ya san nauyinsu."

Dariyar Gwaggo ta sauko tun daga bene, maƙwabta suka taya ta.

A lungu Famau ya tare Zuwena, idonsa jajir.

"Kin ji abin da ya yi min? A gaban mutane!"

"Kai ka tara mutanen."

"Rabin raina, ki zo mu tafi Malindi, a ɗaura mana aure can. Ki zaɓa, ni ko tsohon nan!"

"Tsohon nan ubana ne." Ba ta sunkuyar da kai ba. "Ina son ka, Famau, Allah ya sani... amma yau na raina ka. Ka gwammace ka rasa ni da a gan ka da ƙaramin littafi."

Ya ja jakinsa ya tafi, ko waiwaye babu.

Damina ta shigo ta wuce, ba Famau ba labarinsa. Zuwena ta rame. Tana cikin karanta wa Baba sai layi ya ɓace mata, shi kuma ya yi kamar bai ji ba. Gwaggo kuwa kullum da sabon suna a bakinta, yau ɗan alƙali, gobe mai shagon zannuwa.

Wata safiya ta dawo daga kasuwa tana dariya har da riƙe ciki.

"An ga ƙaton naki a makarantar ƙauyen Shela! A tsakiyar yara, kan tabarma, gwiwoyinsa har kunne. Wai in ya yi kuskure duk ajin ke fashewa da dariya. Oh ni Esha, abin kunya ba ya ƙarewa!"

Zuwena ta shige ɗaki ta toshe bakinta da gyale.

Da Famau ya dawo, a ƙafa ya zo, rigarsa duk gishirin teku. Ya yi sallama ƙasa ƙasa, ya durƙusa, ya zaro abu daga aljihun baya.

Malam ya karɓa. Littafin ya kumbura da ruwa, kusurwoyinsa sun nannaɗe, an ɗinke bayansa da zaren komar kamun kifi. Ya kai hanci, warin fetur ne da zufa. Ya daɗe yana shafa shafukan farko da suka yi laushi kamar tsumma, har yatsansa ya iso inda takarda ke da sauran ƙarfi.

"Nan ka tsaya?"

"Nan, Malam. Ko rabi ban kai ba... kaina da tauri."

"Ko rabi!" Gwaggo ta taɓe baki daga matakala. "Littafin da 'yan shekara bakwai ke haddacewa!"

"Esha, yi mana shiru." Malam ya miƙa masa littafin da hannu biyu. "Wannan dai an karanta shi. Ka turo manyanka. Abin da ya rage, matarka za ta biya maka."

Famau ya kifa fuskarsa a kan littafin, kafaɗunsa na girgiza.

A bayan ƙyaure Zuwena ta sulale ƙasa, hawaye shaɓe-shaɓe. Gwaggo ta tsaya a kanta, hannu a ƙugu.

"Kukan kuma na mene ne? Ɗan aji ɗaya fa za ki aura!"

"Na sani, Gwaggo," ta ce tana dariya cikin kuka. "Ni na zaɓa masa littafin."