Sunanta a Takardar Amurka

A tashar motocin Argungu da ke Birnin Kebbi suka fara haɗuwa, wata Lahadi da hantsi. Ɗayyaba ta ɗora kwalin bandar kifi a kan benci tana ta ɗaukarsa hoto tana tsaki, don duk hoton da ta ɗauka sai kifin ya fito baƙi ƙirin kamar gawayi.

"Malama, rana ce ke gabanki. Zagayo ta nan."

Ta ɗago da baƙar magana a bakinta, sai ta haɗiye abarta. Wani dogon saurayi ne da jakar kwamfuta a kafaɗa, kuma kifin yake kallo, ba ita ba. Wannan ya ɗan ba ta haushi, ita kanta ba ta san dalili ba.

"Kai ma banda kake sayarwa?"

"A'a, ni kayan mutane nake talla a intanet. Miƙo wayar."

Hoto ɗaya ya ɗauka. Kifin ya fito jawur yana maiƙo, har ita da ta tashi cikin hayaƙinsa sai da yawunta ya tsinke. Ya ce sunansa Zainulabidin. Kafin mota ta cika ya san cewa ita ɗaliba ce a poli, cewa mahaifinta Malam Hodi masunci ne a kogin Matan Fada na Argungu, kuma bandar Innarta ce take tallatawa. Ita kuwa lambarsa kawai ta samu, wai don maganar hotuna.

To, hotuna dai! Wata uku aka yi ana maganar hotuna ta saƙon waya.

"'Yar Matan Fada, kin ci abinci? Yau na tallata shinkafar Zauro, na tallata albasa, amma hankalina na Argungu."

"Mai talla ke nan. Bakinka ne jarinka. Na ci, kai fa?"

"Ban ci ba. Ina jiran ranar da za ki dafa."

Ta karanta saƙon nan ya fi sau goma. Tana son shi, so na gaske mai hana sukuni, kuma ba ta ga amfanin yi wa kanta ƙarya ba. Da damina ta faɗi manyansa suka je Argungu da goro, aka karɓa, aka ce su ba da lokaci a yi bincike kamar yadda aka saba.

A tsakanin nan ne ya zo mata da maganar kamfani. Suna zaune a ƙofar gidan yayarta a Birnin Kebbi da la'asar, ya buɗe kwamfuta ya nuna mata. Turawa sun fara ba shi aikin talla, amma wasu ba sa yarda su biya mutum, sai kamfani. Katinsa na banki kuma kullum yana ba shi kunya a tsakiyar aiki. Mafita ita ce ya yi rajistar ƙaramin kamfani a Amurka yana nan zaune a ɗakinsa. Akwai ejan a can, aikinsa ke nan, ya ba ka adireshi ya riƙa karɓar maka wasiƙun hukuma.

"Ba sai ka je ba?"

"Ko Abuja ban taɓa kwana ba. Dubi nan." Ya nuna wani layi. "Nan ake rubuta masu kamfanin. Na sa nawa. Saura layi ɗaya."

Ta ɗago ta dube shi.

"Zainu, ba a ɗaura ba fa."

"Wata nawa ya rage? Ina so ranar da abin nan zai zo duniya ya zo da sunanki."

Wace budurwa za a gaya wa haka ta tsaya lissafi? Da hannunta ta buga: Ɗayyaba Hodi Argungu. Ko kusa ba ta tuna da Malam Hodi ba, alhali sunansa ne a tsakiya.

Kwana tara takardar ta fito. Don murna ta kai shagon buga takardu na bakin poli a fitar mata da ita, ta ajiye a akwati. Shagon na Kalilu ne, wanda ya shekara biyu yana yi mata rangwame yana jiran ta gane, ita kuma tana yi kamar ba ta gane ba. Ya miƙo mata takardar yana murmushi.

"Allah shi sanya alheri, Hajiyar Amurka."

Ba ta lura cewa kwafi biyu injin ya fitar ba.

Ranar Alhamis Inna Sadatu ta kira ta. Babu gaisuwa, babu komai.

"Ki taho gida yau. Babanki na nemanki."

Tun daga Birnin Kebbi har Argungu ba ta ga gonakin shinkafa ba, ba ta ji hirar 'yan mota ba. Ta kira Zainu sau huɗu, wayarsa a kashe. Tana shiga zaure ta ga Kawu Riskuwa, ƙanin Innarta, ma'aikacin sakatariya wanda aka ɗora wa binciken ango. Malam Hodi na gefe yana gyaran homa, ragarsa ta kamun kifi, bai ko ɗago ba. A kan tabarma tsakaninsu ga takardar nan.

Ta durƙusa.

Kawu Riskuwa ya gyara tabarau. "Wani bawan Allah ya kawo mini wannan. Na sa an duba adireshin da ke jiki. Gida ɗaya ne, Ɗayyaba, ɗan ƙaramin gini. Kin san kamfani nawa ke iƙirarin suna cikinsa? Dubbai! Yaro yana zaune unguwar Badariya ya ce ofishinsa na Amurka. In wannan ba damfara ba ce, mece ce? Gobe in aka zo kamun 'yan damfara, sunan wa za a gani?"

Malam Hodi ya ajiye allurar saƙa. Muryarsa a ƙasa take, kuma ta fi tsoron ta a haka.

"Abu guda ni ka tambayarki. Sunan ga, satar shi yay yi, ko da saninki?"

Nan fa ake yin ta. In ta ce ba da saninta ba, ta fita fes, Zainu ya zama ɓarawon suna, aure ya mutu a tabarmar nan. In ta ce da saninta, ta kunyata mahaifinta a gaban surukinsa. Inna na bayan ƙofa, Ɗayyaba na jin numfashinta.

"Ni na rubuta, Baba. Da hannuna."

Kawu ya yi salati. Malam Hodi ya dube ta, ya daɗe yana dubanta. Ta ga tunda ruwa ya riga ya kai wuya, gara ta yi iyo.

"Baba, in ka ba ni izini in yi tambaya."

"Yi."

"Bandar da muke aikawa Onacha, gidan wa take sauka?"

"Gidan Alhaji Tamba. Mi ya kawo wannan?"

"Ka taɓa zuwa Onacha?"

"Ban taɓa ba."

"Amma a kasuwar can, in aka tambayi inda Hodi na Argungu yake, ƙofar Alhaji Tamba za a nuna. In hukumar kasuwa na da magana da kai, shi za ta ba saƙo. Masunta nawa ke sauke kaya da sunan ƙofarsa?"

Malam Hodi ya ce, kamar da kansa yake magana, "Mu da mutanen Augie da na Yawuri, mun fi ɗari biyu."

"To wannan gidan na Amurka mai masauki ne, Baba. Ba a ɓoye yake ba, hukumarsu ce ta ce kowane baƙo sai ya yi mai masauki. Shi ke nan aikinsa."

Kawu Riskuwa ya ɗauki takardar ya sake dubawa, ya ce shi dai zai ƙara bincike. Ɗayyaba ta ɗauka magana ta ƙare, ashe da sauran rina a kaba.

"Na ji," in ji Malam Hodi. "Yaro ba ɓarawo ba ne. Amma ni ba wannan ad damuwata ba. Ko kwalekwale ba a kwance shi daga gaɓa sai an tambayi mai shi, ko da kuwa ciniki ya faɗa. Na karɓi goronsu, ban ba su ɗiya ba tukuna. Ya ɗauki sunanki da nawa ya ƙetare teku da su, ni ina nan zaune ban sani ba, sai a bakin mai shago." Ya juya wajen Kawu. "Gobe a mai da musu goronsu."

Ba ta yi kuka a zaure ba. Sai da ta shiga ɗakin Inna.

Da yamma saƙon Zainu ya shigo. "Wayata ta mutu, babu wuta tun safe. Na ji komai. Ki yafe mini."

Bayan kwana biyu wani ya biyo. "Na cire sunanki."

Kalmomi uku, babu 'Yar Matan Fada, babu komai. Ta zauna bakin murhun banda, hayaƙi na shiga idonta, ta gode wa hayaƙin. Wato shi ke nan? Ita ta tsaya gaban mahaifinta ta ɗauki laifi, shi kuma ya goge ta kamar kuskuren fensir? Ta rubuta amsa mai zafi ta goge, ta sake rubutawa ta goge. A ƙarshe ta kashe wayar ta jefa a ƙasan akwati.

Mako uku ba ta koma makaranta ba. Kalilu ya aiko da gaisuwa ta bakin wata ƙawarta, wai yana jajanta mata. Ta ce a gaya masa ta gode, kuma daga yau ko katin biki ba za ta buga a shagonsa ba.

Ranar Asabar ta huɗu tana wankin kifi a tsakar gida ta ji sallama a zaure. Wuƙar ta suɓuce daga hannunta. Ta san muryar nan ko a cikin kasuwa. Ta lallaɓa ta tsaya inda Inna ta tsaya rannan.

Zainu ne da baffansa. Ya rame. Bai zo da kwamfuta ba, takarda ɗaya ce a hannunsa, ya ajiye ta gaban Malam Hodi ya koma ya durƙusa.

"Baba, ban zo kare kaina ba. Na ɗauki abin da ba a ba ni ba. Ga shi na mayar. Sai da sabuwar takardar ta fito na iya zuwa, don kar in zo da baki kawai."

Malam Hodi ya juya takardar. Bai iya karatun boko ba, amma ya san yawan layi. Suna ɗaya ne, ƙarƙashinsa fili.

"Wa ya kawo shawarar tun farko?"

"Ni ne."

"Wa ya rubuta?"

"Laifina ne, Baba. Ni na sa ta."

"Ita ta ce ita ce. Kai ka ce kai ne." Tsohon ya girgiza kai. "Ikon Allah. Shekara arba'in ina raba faɗan masunta, kowa na tura wa ɗan'uwansa laifi. Yau ga biyu suna faɗa a kan wa zai ɗauka."

Baffan Zainu ya yi 'yar dariya, ya ga babu mai taya shi, ya mayar da ita tari. Malam Hodi ya ninke takardar gida huɗu ya sa a aljihun rigarsa.

"Ku tai. Za ku ji ni."

Shi ke nan abin da ya ce. Bayan tafiyarsu Ɗayyaba ta tono wayarta. Saƙonni goma sha ɗaya ke jiranta. Na ƙarshen ya ce: "Ban cire ki don na haƙura ba. Na bar layin a buɗe, babu mai shigarsa. In Baba bai yarda ba, haka zai zauna har in mutu."

Ta goge ido da bayan hannu, hannun ma na ƙarnin kifi. Ta rubuta: "Mai talla, da ka faɗi haka tun farko ai da ban rame ba."

"Kin rame? Ni ma. 'Yar Matan Fada, ki yi mana addu'a."

Kwana goma sha biyu Malam Hodi bai ta da maganar ba. Yana fita ruwa, yana dawowa, yana gyaran homa, takarda na aljihu. Kawu Riskuwa ya zo ya ba da rahoton cewa ya bi diddigi, maganar mai masauki gaskiya ce. Tsohon ya ce, "To." A rana ta goma sha uku, yana alwala, ya ce wa Inna Sadatu ba tare da ya dube ta ba, "A gaya wa mutanen Birni su maido goronsu, in ba su cinye ba."

Guɗar Inna sai da ta tashi kajin maƙwabta.

Bayan girbin shinkafa aka ɗaura, ranar Juma'a, a ƙofar gidan Malam Hodi. Da aka shafa fatiha jama'a suka fara watsewa, sai ya sa aka kira ango cikin gida, aka fito da amarya lulluɓe. Ya zaro takardar nan daga aljihu, ta yi laushi don ninki, ya miƙa wa Zainu.

Zainu ya buɗe. Ɗayyaba ta leƙo ta ƙasan mayafi. A kan layin da aka bari fili, da tawadar allo da alƙalamin kara, cikin ajami mai kauri, an rubuta: Ɗayyabatu 'yar Hodi.

"Turawanka ba su iya karanta wannan," in ji tsohon. "Kai ka mayar musu da shi boko. Yanzu ni na ba ka. Ka kai shi duk inda za ka, amma ka tsare mini shi."

Zainu ya gyaɗa kai. Ɗayyaba kuwa kukan da ta hana kanta a zaure rannan shi ya ƙwace mata, ta kama ƙafar mahaifinta. Ya dafa kanta da hannunsa mai kaushin igiya.

"Tashi, ɗiyata. Allah shi yi muku albarka, shi ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Ku tai, kar mota ta bar ku."