Golan Da Ya Shigo Ƙwallon Tebur

"Gola?! Duk samarin garin nan ki rasa wanda za ki so sai mai tsaron raga?"

Ylva ta ƙanƙame katakon bugunta a ƙirji, idanunta suka kawo ruwa.

"Baba, sunansa Vidar..."

"Na san sunansa! Mutanen da ke birgima a taɓo kamar agwagi, me suka sani game da wasa?"

Haka Baba Sixten yake. Gashinsa a kan koyar da ƙwallon tebur ya yi fari, kuma a wurinsa duk ƙwallon da ta fi ƙwai girma ta marasa hankali ce.

Vidar kuwa hunturu ne ya koro shi. Da dusar ƙanƙara ta rufe filinsu, kocinsu ya turo shi zauren ƙwallon tebur don idonsa ya ƙara kaifi. Ylva aka ba shi ta koya masa. Ta ce ya lanƙwasa gwiwa, ya tsaya a kan yatsun ƙafa, sai ta ga ai tuni a haka yake tsaye. Ta ce in ya buga ya koma tsakiya, ya yi dariya ya ce da wannan yake cin abinci. Kafin ƙanƙara ta yi kauri, zuciyar Ylva ta tafi.

Melker ne ya kai gulmar. Shi ne gwanin kulob ɗin, ɗan lelen Baba Sixten, kuma ya daɗe yana yi wa Ylva kallon tasa.

"Koci, a gwada shi mana," in ji shi, yana murmushin mugunta. "Gasar bibbiyu ta Kirsimeti ta zo. Ni da kai, shi da Ylva."

Tsohon ya buga tebur.

"Shi ke nan! In kun ci mu, ya zo gidana cin abinci ranar Lahadi. In mun ci ku, kada in ƙara jin sunansa!"

Da yamma a shagon shan kofi, Ylva ta kasa taɓa burodin kirfar da ke gabanta.

"Vidar, in aka cinye mu fa?"

"Sai in sace ki a keke."

"Ni ba wasa nake ba!"

Ya riƙo hannunta.

"Zuciyata, ni kullum a gaban masu son su ga bayana nake tsayawa. Faɗa mini dokar kawai."

"Ɗaya ce mai wuya. Karɓa-karɓa ake yi. In na buga, kai ne. In ka buga, ni ce. Ko ƙwallo ta zo bakin hancinka, in ba layinka ba ne, kada ka taɓa!"

"Gola ya ga ƙwallo ya ƙyale? Wannan ai azaba ce, rabin raina."

Sai a lokacin ta yi dariya.

Ranar gasa zaure ya cika, har 'yan ƙwallon ƙafa sun zo da ihunsu na rashin ta-ido. Abin mamaki, wasa ya ƙi ƙarewa da wuri. Vidar ba ya da salo ko na sisi, bugunsa kamar mai korar ƙuda, amma duk inda aka jefa ƙwallo sai a tarar da shi can. Baba Sixten ya fara share gumi, yana hararar Melker.

A zagayen ƙarshe su Baba na da goma, su Ylva tara. Maki ɗaya ya rage a raba ta da Vidar, kuma tsoro ya kama ta sosai.

Vidar ya mayar da wata ƙwallo sama-sama. Layin Melker ne, daga shi sai Ylva. Melker ya ɗaga hannu ya zabga da duk ƙarfinsa, ƙwallon ta daki tebur ta taso kai tsaye zuwa idonta...

Caraf!

Hannun hagun Vidar na gaban fuskarta, a dunƙule da ƙwallon a ciki.

"Wayyo Vidar!" Ylva ta yi ihu. "Tawa ce fa! Tawa ce!"

"Goma sha ɗaya da tara," in ji alƙaliyar wasa, kamar mai ba da haƙuri.

Melker ya ƙyalƙyale da dariya.

"Na faɗa maka, Koci! Gola dai gola ne!"

Baba Sixten bai ko kalle shi ba. Ya zagayo a hankali ya tsaya gaban Vidar.

"Yaro, hannunka ya tashi tun kafin ya buga. Me ka gani?"

"Kafaɗarsa, Koci. Da ƙugunsa. Ba kusurwa ya nufa ba, fuskarta ya nufa. Mu ma a bugun fenareti ba ƙwallo muke kallo ba, jikin mutum muke karantawa."

Wannan ne karatun da tsohon ya yi shekaru yana fama ya cusa wa yaransa.

"Ka san ka zubar da wasan?"

"Na sani." Vidar ya sunkuyar da kai. "Ko a sake, haka zan yi."

Ylva ta fashe da kuka, ita kanta ba ta san na haushi ba ne ko na so.

Baba Sixten ya juya ga Melker.

"Kai kuma da na raina da hannuna, idon 'yata ka nufa don maki ɗaya? Ɗauki jakarka."

Sannan ya juyo ga Vidar, ya yi gyaran murya.

"Na ce kada in ƙara jin sunanka, kuma ba na tashin magana."

"Baba, don Allah..."

"Yi mini shiru! Ba na buƙatar sunan." Ya kamo hannun da ya cafe ƙwallon, ya ɗora shi a kan na Ylva. "Surukina, kana cin kifi?"