Tambarin Baba a Bayan Na'ura

Da hantsi wani saurayi ya shigo shagon kafinta, rungume da takardu uku, ya yi tuntuɓe da guntun katako a bakin ƙofa, takardun suka watse cikin garin katako.

Auta ta ɗago daga kujerar da take gogewa. Ita ce ƙaramar 'yar kafinta, kuma ita kaɗai cikin 'ya'yansa biyar ta gaji zarto da guduma.

"Sannu," ta ce tana danne dariya. "Kafintan kake nema? Ya fita sayen ƙusa. Ga rabinsa."

Saurayin ya gyara gilashin idonsa, ya dube ta, ya manta abin da ya kawo shi. Sai da ta tsince takardun ta miƙa masa ya tuna.

"Na'urar gem nake so a yi mini."

"Ba ma taɓa kayan wuta a nan."

"Ai ba ta ma fito ba tukuna."

Auta ta ajiye samfefa. Ya yi mata bayani yana haɗa magana biyu a numfashi ɗaya. Wani babban kamfani ya ce zai fitar da sabuwar na'urar wasa nan da wata huɗu, amma ko inuwarta bai nuna ba. Shi kuma yana da shafi a intanet inda yake hasashen yadda za ta kasance. Yana son siffarta ta katako, ya riƙe a bidiyo ya ce wa mabiyansa ga yadda yake zato.

"To. Tsaye take ko kwance?"

"Ƙila tsaye. Ƙila kuma kwance."

"Fara ko baƙa?"

"Ƙila..."

"Malam Ƙila," ta katse shi, "katako ba ya jin ƙila. In an yanke, an yanke."

Daga ranar sunan ya bi shi.

Ta baje zanen ukun a kan teburi ta yi musu kallon tsaf, ta ture duka.

"Duk ba za su sayu ba. Wannan ka sa mata ramin shan iska a sama. Ka taɓa ganin abu mai shimfiɗaɗɗen kai a falo da ba a ɗora masa kofi ko makulli ba? Wannan kuma baƙa ce mai sheƙi, ƙurar yini ɗaya za ta tona mata asiri. Kai tunanin mai buga gem kake yi. Mai goge falon ita ke cewa a saya ko kar a saya."

"Ban taɓa..."

"Kuma ina hannun ɗauka? Yau tana gidan wa, gobe gidan ƙani. A ka za a riƙa ɗora ta?"

Ƙila ya zauna a kan kujerar da ba a gama ba, ya ciro biro. Shekara uku yana hasashe, ba wanda ya taɓa ruɗa shi da daɗi haka.

Aikin kwana uku ya ɗauki sati biyu, domin kullum sai ya dawo da sabon ƙila. Saƙonni kuwa ba su yanke ba.

"Injiniyata, yau wasu sun ce za ta yi tsadar da babu mai saye. Wasu sun ce layi za a yi. Ni na rasa na kamawa."

"Ka kama cin abinci tukuna. Jiya da biskit ka yini, na gani."

"Ashe kina kallona."

"Ƙila."

Baba bai hana shi zuwa ba, bai kuma yi masa fara'a ba. "Wannan yaron," ya ce wa Auta, "ko ruwa aka ba shi sai ya yi shawara da kofin. Ina amfanin namijin da ba shi da i, ba shi da a'a?"

Shi Baba yana da nasa ɗan takarar: Mai Gilashi, mai ƙaton shagon gilashi na wayoyi da kayan gem a kan babban titi, wanda Baba ya yi wa kantoci bara. Mutum ne mai turare da takalmi mai ƙara, maganarsa ɗaya ce, ko da ba gaskiya ba ce. Ya riga ya nuna yana son Auta. Ita kuwa duk zuwansa sai ta tuna akwai fentin da bai bushe ba a baya.

Ranar Talata ta gama na'urar. Ruwan toka ce marar sheƙi, ramukan iska a gefe, ga hannun ɗauka a sama. Ta juyo bayan na'urar, ta sa ƙarfen tambari a wuta, ta danna. Hayaƙi ya tashi, da'ira mai layi uku a ciki ta fito.

Ko tunani ba ta yi ba. Dokar wurin ke nan tun kafin a haife ta: ko kujerar tsuguno ce, ba ta fita sai da tambarin Baba, don in ta karye a san ƙofar da za a buga. Washegari ta naɗe hannun ɗaukan da jar fata, Ƙila ya zo ya ɗauka kamar jariri.

Ranar Juma'a duniya ta kife.

Wani mai sayen teburi ne ya miƙa wa Baba waya. "Kafinta, ka ga sabuwar na'urar da ake ta magana? Asirinta ya fito. Har tambarin kamfanin sun canza."

Baba ya nisanta wayar da idonsa, ya matso da ita. Ya kira Auta da muryar da ba ta taɓa ji ba.

Hoton na'urarta ne, an ɗauke ta ta baya, an goge duk abin da ke kewaye da ita. A sama an rubuta: ASIRI YA TONU, GA TA NAN. Mutum dubu ɗari biyu sun gani. A ƙasa ana ta dambe. Wani ya ce layi ukun na nufin ƙarfinta ya ninka uku. Wani ya ce launi uku za a fitar. Wani ya rubuta dogon sharhi cewa hannun ɗaukan shaida ne kamfanin na neman kasuwar iyalai, kuma za ta fi duk na baya sayuwa. Wata ta rantse mijin yayarta ya taɓa ta da hannunsa.

"Layi ukun," Baba ya ce a hankali, "ni ne da ƙannena biyu da suka rasu. Shekara talatin da biyar tambarin nan bai taɓa zama a kan ƙarya ba. Yau ga shi ana yaudarar duniya da shi." Ya ajiye wayar. "Kar in ƙara ganin ƙafar yaron nan a nan."

Auta ta shige bayan tarin katako, ta tura wa Ƙila saƙo.

"Ka ce za ka faɗa musu katako ne. Me ya sa ka yi mana haka?"

Amsa ta zo nan take. "Ni? Ko bidiyon ban ɗauka ba. Na zaci ke kika ba wani."

"Ni zan ba wani? Wa?"

"Ban sani ba. Ƙila wanda Baba yake so."

Ta karanta sau uku. Ta kashe wayar.

Kwana huɗu ba ta san me take ciki ba. Ta yanke ƙafar teburi ɗaya ta fi sauran gajarta. Ta shafa wa ƙofar mutane fentin da ba su zaɓa ba. In ta ce shi ne, sai ta tuna yadda ya rungumi na'urar. In ta ce ba shi ba ne, sai ta ga mabiyansa sun ninka goma, domin ya sha cewa yana da abin mamaki a tafe, kowa ya ɗauka shi ya samo hoton. Har wani gidan talabijin ya gayyace shi hira ranar Asabar. Shi kuma bai ce nasa ba ne, bai ce ba nasa ba ne. Shiru kawai, irin nasa.

Mai Gilashi kuwa ya buga hoton a ƙaton allo a gaban shagonsa. Ya zo da kansa yana ƙamshi.

"Baba, ka kwantar da hankalinka. Tambarinka ya zaga duniya kyauta. A yi shiru kawai, nan da wata uku kowa ya manta. Ni dai maganata da Auta nake so a tsayar."

Auta na gefe tana kallon hoton a wayarta karo na ɗari, sai idonta ya tsaya a kan hannun ɗaukan.

Katako ne tsirara. Babu jar fata.

Ta miƙe tsaye. "Baba, yaushe na naɗa fatar nan?"

"Laraba da safe. Ni na yanko miki."

"Shi kuma Laraba da rana ya ɗauka. Wannan hoton na Talata ne, tana kan teburin baya tana bushewa." Ta juyo ta dubi Mai Gilashi. "Ranar Talata mutum ɗaya ne ya bi ni har baya yana tambayar me ya sa nake gudunsa."

Takalmin Mai Gilashi ya yi ƙara sau biyu. "Talla ce kawai, ƙanwata. Kowa na yi."

"Kowa ban da mai wurin nan," Baba ya ce, ya nuna masa ƙofa da guduma.

Auta ta ɗauka shi ke nan. Amma Baba ya girgiza kai.

"Wancan maƙaryaci ne, na yarda na yi kuskure. Naki kuma fa? Ya san gaskiya kwana huɗu yana cin riba da shiru. Wanda ya ga wuta a rufin maƙwabci ya tsaya yana ƙila, da shi da mai ashana tafiyarsu ɗaya."

Auta ta ɗauko wayarta. Ta rubuta wa Ƙila:

"Na gano ba kai ba ne, ka yafe mini zargi. Amma tambarin Baba yana kan ƙarya har yanzu, kuma kai kaɗai za su saurara. Ban ce ka zaɓe ni ba. Ka dai zaɓi wani abu sau ɗaya a rayuwarka."

Alamar ya karanta ta fito. Amsa ba ta zo ba. Laraba ta wuce, Alhamis, Juma'a.

Ranar Asabar da ƙarfe huɗu, daidai lokacin hirar talabijin, wani ya yi tuntuɓe da guntun katako a bakin ƙofa.

Na'urar na hannunsa ɗaya, waya na ɗayan. Ya jingina wayar da gwangwanin fenti, ya gaida Baba har ƙasa, ya juya ga kyamara.

"Jama'a, kai tsaye nake. Ga na'urar da kuke ta magana. Katako ce. Ni na sa aka yi, wannan baiwar Allah ta tsara ta, kuma ta fi ni sanin abin da zai sayu. Na yi shiru kwana takwas saboda yawanku ya yi mini daɗi, wannan laifina ne. Tambarin nan ba na kamfani ba ne. Na kafinta ne, ga shi nan zaune, kuma bai taɓa sa shi a kan ƙarya ba."

Saƙonni suka fara gudu a fuskar wayar. Ƙarya ne. An biya shi ya ɓoye. Kamfanin ne ya tsorata shi.

Ƙila ya duba hagu da dama, ya ɗauki zarto, ya ɗora a tsakiyar na'urar ya fara ja. Zarton ya lanƙwashe, ya yi tsalle, ya kusa cin yatsansa.

Baba ya daure, ya daure, ya kasa.

"Kai! Ba haka ake riƙe zarto ba, za ka kashe mini haƙoransa!" Ya taso ya kama hannun yaron. "Yatsa a nan. Kar ka danna, bar shi ya ci da kansa. Ja. Tura. Yawwa."

Mutum dubu arba'in suka kalli tsoho da saurayi suna raba na'urar shekara gida biyu. Garin katako ya zubo. Lambar masu kallo ta fara zubewa ita ma, har ta koma ɗari tara.

Ƙila ya kashe wayar, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

"Sun tafi," Auta ta ce a hankali.

"Na gani."

Baba ya ɗauki rabin da ke da tambari, ya share shi da hannun riga. "Yaro, tambaya ɗaya zan yi maka, kuma ka san amsar da ba na so. 'Yata fa?"

"Ina sonta, Baba. Aurenta nake so."

"Tsaye ko kwance?" Auta ta faɗa daga bayan mayafinta, dariya da hawaye sun haɗe mata.

"An yanke, Injiniyata," ya ce. "In an yanke, an yanke."

Sati ɗaya kafin ɗaurin aure kamfanin ya nuna ainihin na'urar. Baƙa ce wuluk mai sheƙi, ramin iska a sama, babu hannun ɗauka. Ango ya turo mata hoton.

"Amaryata, za ta sayu?"

"Za ta sayu. Amma ka gaya musu su haɗa da tsumma."

Aka ɗaura aure ranar wata Asabar mai haske, yayyenta huɗu suka cika gida da guɗa. Da aka kai ta ɗakinta, ta tarar da sabuwar kantar ajiye kaya a bango, rabi biyu na na'urar sun tallafe ta hagu da dama. Baba ne ya kafa da hannunsa. Kafin ya fita ya dafa kan su biyun.

"Ban taɓa barin abu ya fita daga hannuna ba sai na tabbata zai ɗauki nauyi. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a mai faɗin gaskiya, Ya sa ku tsufa tare."

"Amin, Baba," suka ce baki ɗaya.

Ya kai bakin ƙofa ya juyo ya dubi angon. "Kai kuma Litinin ka zo da wuri. Ba zan bar surukina yana riƙe zarto kamar cokali ba."