Katin Dogo

Auta na tsaye a falo yana goge farar rigar aikin matarsa sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Kafin ya ajiye dutsen gugar har Yaya Babba ya turo ƙofa ya shigo. Ya dubi rigar, ya dubi ƙanensa, ya fashe da dariya.

"Ikon Allah! Auta, kai ne da guga? Ka gama wanke-wanken, ko da saura in kama maka?"

Auta ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. A can gida makanike ne na ji da gani, mai garejin kansa. Matarsa kuwa, wadda kowa ke kira Sista, ma'aikaciyar jinya ce. Wani asibiti a wannan ƙasa ne ya ɗauke ta aiki, ya nema mata biza da izinin aiki, shi kuma ya biyo ta a matsayin miji. An ba shi izinin zama, amma ba a yarda ya yi aiki ba sai ofishin shige da fice ya amince da buƙatar da ya shigar. Watanni sun shuɗe, shiru kamar an aiki bawa garinsu.

"Yaya, zauna mana in kawo maka ruwa."

"Ka ji ko! Har ruwan ma kai ne mai kawowa." Yaya Babba ya zauna ya ɗaure fuska. Ya daɗe a ƙasar, takardunsa sun cika, don haka ganin kansa yake masanin komai. "Jiya Inna ta kira ni tana kuka. Wai a gari ana cewa autanta ya zama mijin-ta-ce, mace ke fita nema shi yana gadin tukunya. Ba ka jin kunya?"

"Ya zan yi, Yaya? Doka ce. Lauya ya ce in aka kama ni ina aiki, har famit ɗin aikin Sista zai iya shafa."

"Lauya! Da lauya na bi da yanzu ina kwana a tasha." Ya zaro wani katin izinin aiki daga aljihu ya ajiye kan tebur. "Na abokina Dogo ne, ya tafi gida zai jima. Akwai wani sito da ke neman mai gyara musu motocin ɗaga kaya. Ka je da wannan."

"Haba Yaya — Dogo fa! Ko kafaɗarsa ban kai ba."

"A kati kai ake ɗauka, ba ƙafa ba. Wa ke da lokacin ƙura wa hoto ido?"

Da yamma Sista ta dawo a gajiye, ta zube kan kujera tana cire takalmi. Ta ga rigarta a rataye sumul, ta yi murmushi.

"Yallaɓai, Allah ya bar mini kai. Me zan yi ba kai?"

"Ki ɗauki ɗan aiki mana," ya ce a daƙile. "Ai duk ɗaya ne."

Murmushin ya gushe. Ta taso ta durƙusa gabansa. "Yaya ya zo, ko? Don Allah, dube ni. Lokacin da nake makarantar jinya wa ya riƙe ni? Wa ke barin gareji ya kai ni jarrabawa a bayan babur? Ban taɓa jin ka ce ka gaji ba. Yau don juyi ya zo kaina sai ya zama abin kunya? Ka yi haƙuri, takardar nan za ta fito."

Ya gyaɗa kai. Katin Dogo na cikin aljihunsa yana ƙona masa cinya.

Washegari ya soma aiki. Ya ce wa Sista ajin koyon harshen ƙasar yake zuwa. A sito aikin bai ba shi wuya ba, hannunsa ya san ƙarfe, amma duk lokacin da shugaban ma'aikata ya ƙwala kiran sunan Dogo sai ya yi tsaye kamar kurma, sai an sake kira yake tuna cewa shi ake nufi. Abokan aiki har tsokanarsa suke, wai mutum bai san sunansa ba. Yakan yi yaƙe kawai. Kafin ya koma gida sai ya dirje hannuwansa da sabulu har su yi ja. Ranar da Sista ta ga baƙin mai a ƙarƙashin farcensa, ya ce motar maƙwabci ya duba. Ta yarda nan take, har da yi masa addu'a. Wannan yardar ta fi zagin Yaya Babba yi masa ciwo.

Wata ranar Laraba da hantsi yana kwance ƙarƙashin wata mota, jak ya zame, ƙarfe ya danne masa hannun hagu. Aka ciro shi jina-jina, aka sa shi a motar asibiti tare da katin da ke wuyansa. Shugaban ma'aikata ya kira Yaya Babba, tunda shi ya kawo shi. Asibitin da ya fi kusa aka nufa, kuma a sashen gaggawa na nan Sista ke aiki.

Ta zo da sauri tana sa safar hannu, ta yaye labule. Idonta ya faɗa cikin na mijinta. Ta dubi allon da ke jikin gadon, ta ga sunan wani. Ta matso kusa da shi.

"Yallaɓai...!"

Auta ya runtse ido. Da a ce ciwon zai ɗauke shi a lokacin da ya gode.

Yaya Babba ya shigo yana haki, ya ja ta gefe. "Ke, ki nutsu!" ya ce ƙasa-ƙasa. "Ba ki san shi ba, ba ki taɓa ganinsa ba. Kika buɗe baki duk mun shiga uku — da ni, da shi, da ke!"

Likita na duba komfuta tana karanta bayanan Dogo. "Lafiyayye ne, ba maganin da jikinsa ke ƙi. A yi masa allurar fenisilin kafin mu shiga tiyata."

Wata nas ta zuƙi maganin a sirinji. Sista ta san ranar da aka taɓa yi wa mijinta wannan allurar a gida, maƙogwaronsa ya kumbura, da ƙyar aka ceto shi. Ta dubi Yaya Babba, yana girgiza mata kai. Ta dubi sirinjin.

"Dakata!" Muryarta ta cika ɗakin. "Dokta, kada a yi masa. Bayanan nan ba nasa ba ne, sunan ma ba nasa ba ne. Fenisilin zai iya kashe shi. Mijina ne."

Abokan aikinta suka zuba mata ido, ita kuwa hawaye na bin kumatunta tana faɗin sunansa na gaskiya da rukunin jininsa. Da ta waiwaya, Yaya Babba ya sulale.

Aka yi aikin lafiya, aka ceci hannun. Amma dole asibiti ya gyara bayanai, daga nan magana ta kai kamfani, ta kai ofishin shige da fice. Kwana biyu Auta na kwance fuskarsa na kallon bango. Sista ta kawo abinci, ya kasa ɗaga ido. A rana ta uku wayarta ta yi ƙara tana gefen gadon. Inna ce, kuma tun kafin gaisuwa muryarta ke fita har waje.

"Kin kyauta! Yayansa ya gaya mini komai. Kin tona wa mijinki asiri a gaban bare don ki tsira da aikinki!"

Sista ta sunkuyar da kai. "Inna, ki yi haƙuri..."

Auta ya miƙa hannunsa mai lafiya ya karɓi wayar. "Inna, ni ne. Ba aikinta ta tsirar ba, aikin nata ma yanzu yana lilo saboda ni. Raina ta tsirar. Da ta yi shirun da Yaya ya ce, da gawata za a aiko miki — da sunan ɗan wani a jikin akwatin. Ni na yi mata ƙarya, Inna. Kullum in fita da ƙarya in dawo da ƙarya, tana yi mini addu'a."

Can ɓangaren sai sautin kuka. Ya ajiye wayar, ya dubi matarsa a karon farko. "Ki yafe mini. Na ji kunyar riƙe dutsen guga, ban ji kunyar cin amanarki ba."

"Na ji zafi, ba zan ɓoye maka ba," ta ce tana share ido. "Amma na yafe. Sai dai daga yau duk abin da za mu faɗa a ofishin nan, gaskiya ce."

Haka aka yi. Lauya ya raka su. Suka zauna a dogon benci da lamba a hannu har aka kira su. Jami'ar shige da ficen ta yi ta tambaya, Auta na amsawa kansa a ƙasa, bai rage komai ba. Aka soke buƙatarsa ta farko, aka yi masa gargaɗi mai tsanani, aka ce ya sake daga tushe. Aka binciki famit ɗin Sista, sai da asibiti ya rubuta shaida a kanta sannan aka bar mata. Katin Dogo ya tafi ke nan, Yaya Babba kuma ya sha tambayoyin da suka sa ya rame.

Jiran na biyu ya fi na farko tsawo. Wannan karon Auta ya shiga ajin harshen da gaske, yana kuma zuwa asibiti ana gasa masa hannun. Ranar da izinin ya fito, Sista ta yi ta tsalle a falo kamar ƙaramar yarinya. Ba a jima ba wani gareji ya ɗauke shi, duk da yatsunsa biyu sun ƙi lanƙwasuwa har abada.

Yaya Babba ya zo yi musu murna, ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa shiga. Ya dubi yatsun ƙanensa, ya cire hula.

"Ƙanwata, ban san da wane baki zan roƙe ki ba."

"Shigo Yaya," in ji Sista. "Gidan ƙanenka ne."

Ya shiga ya zauna a gefen kujera kamar baƙo, ranar ko dariya bai yi ba.

Masu magana sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Wanda ya guji ƙaramar kunya ta hanyar ƙarya, babbar na jiransa a gaba. Haƙuri bai taɓa rage wa namiji daraja ba, kuma matar da ta zaɓi ranka a kan rufin asirin ƙarya, riƙe ta da hannu biyu, ko da yatsu takwas ne suka rage maka masu motsi.