Tafintan Neman Auren Ibtissam

A tashar bas ta Wendover, can ƙasar Turawa, Rilwanu ya fara ganinta. Ya taso daga aikin sito, ita kuma tana riƙe da ledar ayaba. Ya yi mata Hausa, ta yi dariya ta ce masa da Turanci ita 'yar Somaliya ce, sunanta Ibtissam. Ranar har bas ya wuce gidansu bai lura ba.

Daga nan sai saƙonni.

"Tauraruwata, kin ci abinci?"

"Na ci shinkafa da ayaba. Kai ne baƙauyen da bai iya haɗa su ba."

Da magana ta kai ga manya, aka ce Baba Warsame, uban yarinyar, Turancinsa bai wuce gaisuwa ba. Sai kawun Rilwanu, Alhaji Sale, ya jawo wani dattijo Basomale daga masallaci, Malam Guled, ya zama tafinta. Ba wanda ya tambayi Ibtissam. Maza ke nan, su yanke su ɗinke.

Rilwanu na cikin mota yana jira, sai ga kawunsa ya fito da goro yadda ya shiga da shi. Wai tsohon ya yi wa Guled tambaya ɗaya da yarensu, ya ji amsa, ya tashi ya buɗe musu ƙofa. Ko shayi ba a zuba ba.

"Me muka yi? Goron ne bai isa ba?" Rilwanu ya rubuta mata.

"Ba goro ba ne, masoyi. Zuriyar su Guled ce ta ƙwace gidanmu lokacin yaƙi, a nan ƙanin Baba ya rasu. Ya ce da gangan kuka kawo shi. Ya ce in daina kula ka."

Ya karanta ya sake karantawa. Guled da Baba Warsame yarensu ɗaya, sahu ɗaya suke salla, shi kansa Guled a sansanin gudun hijira ya yi furfura. Ta ina aka raba su? Ya tambayi kawunsa, kawun ya ce shi ma kansa ya kulle.

Mahaifiyarsa Hajiya Rumasa'u ba ta tsaya neman bayani ba. Ta yafa mayafi, ta ɗauko aminiyarta Anti Tabitha, ta ce Rilwanu ya tuƙa su gidan Baba Warsame. Suna zama Hajiya ta fara magana.

"Ibtissam, faɗa wa babanki yadda na faɗa, kar ki gyara. Mun yi wauta, mun ɗauka duk ɗaya kuke. Ga Tabitha nan. A rikicin Jos mutanen unguwarsu suka ƙona mini gida, ita ta ɓoye ni da wannan yaron a ɗakinta. Har yau ban yafe wa masu ashanar ba, ban kuma ce ka yafe wa kowa ba. Amma ɗana me ya ƙwace maka?"

"A hankali, Hajiya, gidan mutane ne," in ji Tabitha.

"Ai na yi a hankali."

Baba Warsame ya daɗe yana kallon matan biyu. Ya tambaya ko gidan ya dawo hannun Hajiya. Ta ce bai dawo ba. Ya gyaɗa kai, ya ce wa 'yarsa ta ɗora shayi.

Ranar ɗaurin aure Malam Guled ya zo, ya tsaya can bakin ƙofa bai shigo ba. Baba Warsame bai gaishe shi ba. Ya dai zuba shinkafa a faranti, ya ɗora ayaba, ya miƙa wa ango, ya nuna ƙofa da haɓa.

Rilwanu ya kai wa Guled, ya dawo ya raɗa wa amaryarsa, "Sun shirya ke nan?"

"A'a. Kai dai ci ayabarka, angona."

Ya haɗa ta da shinkafa ya ci. Hajiya ta ɗaga hannu ta ce Allah ya ba su gidan da ba mai fitar da su. Tabitha ta riga kowa cewa amin.